Inda Ribas Yake a Da

"Lafiya lau, angona. Ya ido? Ya ƙarfin jiki? Ya kuma aikin rusau?"

Baba Jang bai ɗaga kai ba. Yana zaune a kan kujerar ƙarfe a inuwar darbejiya, sanye da baƙin tabarau da likita ya ba shi bayan an cire masa yanar ido, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. A gabansa motarsa ce, Fijo 404 mai ruwan toka, ta cusa hanci cikin katangar ƙasa da ta raba gidansa da na maƙwabcinsa Malam Sadisu. Fitila ɗaya ta fashe. Ta ɓarakar da ta buɗe, wata akuya tana leƙo su tana tuƙa.

Mai gaisuwar Jemimah ce, 'yar babban ɗansa, nas a wani ƙaramin asibiti nan cikin Dutse. Tun tana rarrafe yake ce mata matarsa, ita kuma tana ce masa ango, kamar yadda kaka da jika suke yi. Yanzu ita kaɗai ta rage masa a garin. Bara, da aka fara batun shari'a hankulan baƙi suka tashi, 'ya'yansa suka tattara suka koma Jos. Shi babu wanda ya taɓa ce masa kanzil a unguwa, sai dai bencinan coci sun yi ta raguwa, kuma masu ƙwanƙwasa masa ƙofa suka ƙare. Ga Jemimah ma ta samu aiki a can, ranar Asabar za ta tafi, kuma an ce kada ta taho ba tare da tsohon ba.

Amsarsa guda ce tun da aka fara zancen. A cikin motarsa ya shigo Dutse a shekarar casa'in da ɗaya, lokacin da aka yanko jihar aka turo su akawuna daga Kano, a cikinta kuma zai fita. Motar kuwa shekara biyu ke nan giyabos ɗinta ya mutu.

"Na sake ki," in ji shi. "Tun ƙarfe takwas da kwata na safe. Ki kwashe kayanki."

"Wannan saki na nawa ke nan? Na ɗari?"

"Wannan na gaske ne. Ga shaida." Ya nuna katangar da sanda.

"Ni fa a wurin aiki ce mini aka yi hukuma ta turo katafila unguwarku. Na ce a'a, mijina ne yake gwada sabon ido."

"Ido lafiyarsa ƙalau. Da shi nake ganin muninki yau, abin da Allah ya ɓoye mini shekara biyar."

Ta ajiye kwanon abincin da ta kawo masa a kan taga, ta jawo turmi ta kifa, ta zauna a gabansa. Ta dube shi sama da ƙasa irin kallon nas, ta ga babu jini, sannan ta saki ranta.

"Me kika sa wa motata a ciki, ina can Kano ina jinya?"

"Giyabos. Ba shi ka shekara biyu kana yi mana kuka a kai ba?"

"Wane iri?"

"Na 404. Ɗanmusa bakanike ne ya ɗaura shi da hannunsa."

"404 ta wace shekara?"

"Kaka, giyabos ne fa, ba ɗan makaranta ba. Wa zai tambaye shi takardar haihuwa?"

"Jahilci. Shekara uku kika yi a makarantar nas, abin da aka koya miki ke nan, duk mara lafiya allura ɗaya?"

Ya sunkuya ya share ƙasa da tafin takalminsa, ya fara zane da bakin sanda, a hankali, layi a miƙe kamar wanda malamin mishan yake tsaye a kansa da rula.

"Buɗe kunnenki. Motata ta shekarar sittin da biyar ce. Likitan mishan ne ya shigo da ita, ni na saya a hannunsa a saba'in da ɗaya da zai koma ƙasarsu. Giyarta a jikin sitiyari take. In kika jawo sandar kusa da ke kika ɗaga sama, ribas. Kika sauke ƙasa, lamba ɗaya. Ki sake ta ta koma tsakiya, sama biyu, ƙasa uku. Ta huɗu tana can gaba, ita kaɗai a ɗakinta."

"Kamar wani da na sani."

"Ban tambaye ki ba. To, wajen sittin da takwas sai suka sake tsari. Daga waje duk abu ɗaya ne, sanda ɗaya, sitiyari ɗaya. Amma a ciki an tashi kowa daga ɗakinsa. Ɗaya ta hau sama, biyu ta sauko ƙasanta, uku sama, huɗu ƙasa, ribas aka kore shi can gefe. Kin gane abin da na faɗa? Ɗakin da ribas yake kwana shekara talatin a hannuna, yanzu lamba ɗaya ce a ciki."

"Ai Ɗanmusa ya ce zai zo yau da yamma ya nuna maka. Wa ya aike ka da sassafe?"

"Ɗanmusa zai nuna mini motata? Ranar da na saye ta uwarsa ko tallan gyaɗa ba ta fara ba."

"To ga shi ita motar ta nuna maka da kanta."

Ya yi tsaki, ya goge zanen da ƙafa.

"Ki mayar musu da kayansu. A kawo mini irin nawa."

"Daga ina? Sau uku na je Ƙofar Ruwa a Kano, ranar hutuna, layi-layi. Wani dattijo mai shago ya ce rabonsa da ganin irin naka tun yana yaron shago, gashinsa baƙi. Wani ya ce in je in tambaya a gidan tarihi. Har wani ya ce a bar wahala, ga na 504 mai lamba biyar, na ƙasa, sabo fil, a huda tsakiyar motar a fito da sandar ta nan. Mota ta riƙa gudu kamar iska."

Baba Jang ya cire tabarau. Idon da aka yi wa aiki ya yi ja, yana ruwa.

"A huda mece?"

"Mayar da tabaraunka. Na ce musu a'a. Na ce mijina mafaɗaci ne, in ya dawo ya ga sanda ta tsiro a tsakiyar ɗakinsa sai ya mutu, ni kuma baƙin kaya ba ya yi mini kyau."

"Da kin bari sun huda, da kotun shari'a zan kai ki, ko da an ce ba ta shafe mu ba. In roƙi alƙali ya taimaka."

"Alƙali zai fara da tambayar wa ya rushe katangar malami. Af, me Malam ɗin ya ce?"

"Ya fito da gudu ba hula, ya buɗe ƙofar motar, ya shafa ni ya ga ina numfashi. Na ce zan gyara. Ya ce a bari sai bayan damina, dama ya daɗe yana son ƙofa tsakaninmu, zagayen yana ba matarsa wahala in za ta aiko mini da kunu."

"Ka gani? Malam ya fi ka hankali, akuyarsa ma ta fi ka. Dube ta, ta ga ƙofa ta buɗe ba ta tambayi ta wace shekara ba ce."

Ya daɗe yana kallon bayan motar, wurin da ƙasa ta yi santsi tsakaninta da ƙofar gida. Da ya yi magana, muryar ta sauka.

"Da safen nan da na leƙo na gan ta a wanke, an hura tayoyi. Na shiga, na murɗa, ta tashi bugu ɗaya. Shekara biyu ban ji wannan ƙarar ba. Na taka kuloci, hannu ya tafi inda ya sani. Sai na juya ina kallon baya." Ya nuna ƙofar gida da sanda. "Kakarki ce take tsaya mini a can in zan fita. Ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan tana yi mini alama. Na san ba ta nan, ba ruɗewa na yi ba. Wuya ne kawai ya saba. Ina kallon wurin, na saki kuloci, mota ta yi gaba."

Kaneng, matarsa, shekara uku ke nan da rasuwarta. A nan Dutse aka binne ta, a maƙabartar Kirista da ke bayan gari, gindin duwatsu. Kowace Lahadi in an tashi daga coci yakan taka a ƙafa ya je, da 'yar fartanya a cikin jaka.

Jemimah ta tashi ta ɗauko kwanon, ta buɗe, ta ɗora masa a cinya. Gwate ne na acca, irin na gida.

"Ci. Tsoho da yunwa ba ya jin magana."

"Gishiri ya yi yawa."

"Ba ka ɗanɗana ba."

"Na san hannunki."

Ya ci loma uku, ya ajiye cokali.

"Ki tafi ranar Asabar. Ki ce wa ubanki mota ba ta gyaru ba. In an samu irin nawa, zan taho."

"Irin naka ya ƙare, Kaka. Kai kaɗai ka rage, kai ma an daina yin kayan gyaranka."

"To a bar ni inda aka ajiye ni."

"Mota tana tafiya. Ka koyi sabon tsarin mana, kwana biyu ne. Ba kai kake ba mu labarin saba'in da biyu ba, da ƙasa gaba ɗaya ta canja hannun tuƙi rana ɗaya? Ka ce ko kaza ba ka take ba."

"Lokacin shekarata talatin da tara, kuma titi ne ya canja, ina ganinsa da ido. Wannan a cikin hannu yake. Ni ban taɓa tuƙa wata mota ba a duniya sai wannan. Ina iya haddace sabon tsarin yanzu, in karanta miki kamar ayar Lahadi. Amma a hanya ba kai ne yake sa giya ba. Ki ɗauka mun wuce Birnin Kudu, mun miƙa hanyar Ningi, ina kan lamba uku, mota ta ɗau gudu, ga babbar mota a bayanmu. Hannu zai tafi neman ta huɗu inda ya bar ta. Wa ke zaune ta wajen yanzu?"

Ta dubi wurin da ya goge zanen a ƙasa.

"Ribas," in ji shi. "Yau katanga ce, ta ƙasa. Ba zan ɗauki 'yar mutane in kai ta ƙarƙashin tirela ba, ko da mummuna ce."

"Yanzu na zama 'yar mutane."

"Da can ma haƙuri nake yi da ke."

Jemimah ta tattara siket ɗinta ta gyara zama. Dariyar ta bar fuskarta, ko da yake bakin bai daina ba.

"Angona, in tambaye ka. Da na samo irin naka sak, na sittin da biyar, da takardar haihuwarsa da ta baftisma, da ka bi ni?"

"Da na duba."

"Da ka ce taya. In an sa taya ka ce batir. In an sa batir ka ce lagireto yana yoyo. Shekara biyu kana kwana da mataccen giyabos kamar wanda aka ba ajiya. Ɗanmusa ya ce tun bara ya ce maka a sa wannan, ka kore shi da sanda."

"Ɗanmusa yana da surutu."

"In na tafi, wa zai ɗiga maka magani a ido sau uku a rana? Akuya?"

"Ina da hannu."

"Mun ga aikin hannun."

Ya ture kwanon gefe. Iska ta kaɗo 'ya'yan darbejiya suka faɗo a kan rufin motar ɗaya bayan ɗaya. Daga gidan Malam Sadisu ana jin ana daka.

"Kakarki tana nan," ya ce.

"Na sani."

"Ni na kawo ta garin nan. Ba ta so ba, ta ce zafi. Na ce shekara biyu ne in yi ritaya mu koma gida. Da na yi ritaya na ce bari a fara biyan fansho. Da aka fara na ce bari yara su kama aiki. Ga ta can. Yanzu in shiga mota in tafi inda ake sanyi, in bar ta? In damina ta sauka, ciyawa har gwiwa take kaiwa a wurin."

"Asher mai kula da coci ya ce zai riƙa dubawa. Na yi magana da shi."

"Asher bai san inda kanta yake ba."

"To ka nuna masa. Kuma duk farkon damina zan kawo ka, ka yi kwana uku, ka yi nomanka, ka sha kunun gidan Malam, mu koma."

"A me? A motar haya, a matse ni da buhun barkono?"

"A wannan."

"Wa zai tuƙa?"

"Kaka, wa kake tsammani ya kawo ta daga garejin Ɗanmusa ya ajiye maka ita a nan?"

Ya juyo gaba ɗaya, har kujerar ta yi ƙara.

"Ɗanmusa."

"Ɗanmusa yana gefe yana salati. Mako biyu da ka yi a Kano, kullum in na tashi daga aiki muna filin ƙwallo. Ranar Talata har Kiyawa na je na dawo. Dama ina da lasin tun ina makaranta, a 504 na koya, giyarta kuma tsarinsu ɗaya da wannan sabon. Hannuna bai san wani ɗaki ba sai waɗannan."

"Kin zauna a kujerata."

"Na ma matso da ita gaba. Ba ka ji gwiwarka tana taɓa sitiyari ba?"

Ya ji, da safe. Ya ɗauka ƙafafunsa ne suka kumbura.

"Shekara ashirin da bakwai kakarki tana shiga motar nan, ko hon ba ta taɓa dannawa ba."

"Ita uwargida ce, mai haƙuri. Ni amarya ce."

"Ɓarauniya dai." Ya buga sanda a ƙasa. "Tashi tsaye. Lamba ɗaya?"

Ta miƙe ta haɗa ƙafa kamar 'yar firamare. "Kusa da ni, sama."

"Biyu?"

"Ƙasanta."

"Ribas?"

"Can gefe, inda ba ya damun kowa."

"Wannan aku ma zai iya. Kulocinta a ina yake kamawa?"

"Can sama, sai ka kusa cire ƙafa. In ka yi gaggawa ta yi tsalle ta mutu."

"In za a hau tudu?"

"A sauko lamba biyu tun daga gindi, kada a jira ta fara tari."

"Ƙofar direba?"

"Sai an ɗaga ta kaɗan kafin ta rufu. Kuma in an wuce sittin akwai abin da yake kaɗawa a cikin akwatin gaba. Na buɗe na gani. Tabaraun karatun Kaka Kaneng ne. Na mayar inda yake."

Baba Jang ya dubi motar. Wani abu kamar kishi ya taso masa, ya ga shekara biyu tana kwance ta ƙi shi, yarinya ta zo mako biyu ta faɗa mata duk sirrinta. Bayan kishin kuma sai wani abu ya biyo, mai sauƙi, wanda ya rasa sunansa.

"Munafuka," ya ce. Bai fayyace da wacce yake ba.

Ya sa hannu a aljihun riga, ya daɗe yana lalube ko da yake babu komai a ciki sai abu ɗaya. Ya fito da makullin, ɗaure da igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya miƙa mata, da ta kama bai saki ba.

"Sadakinki ke nan. Kada ki sake tambayata ko zane."

"Mota mai ido ɗaya? Kamar mai ita?"

"Ba a wuce saba'in. Ba a kunna rediyo, dama babu. Ba a cin gyaɗa a ciki."

"Na ji."

"Kuma ba Jos za mu fara zuwa ba. Ki kai ni bayan gari yanzu, in gaya wa kakarki da bakina. Kada ta ji a wurin Asher."

Sannan ya saki.

Ta shiga, ta ɗaga ƙofar ta rufe. Shi kuma ya zagaya ta ɗaya gefen, yana dogara sanda, ya tsaya a gaban ƙofar da ya sha buɗe wa wata amma bai taɓa shiga ta cikinta ba. Ya shiga. Kujerar ta lotsa ta wani wuri da ba nasa ba. Daga nan gidan ma wani iri ya gan shi, taga ta koma wani gefe, bishiyar ta matso. Ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗauke, ya riƙe sanda, ya rasa inda ake ajiye su.

Jemimah ta tayar, ta tura sandar giya can gefe. Motar ta ja baya a hankali, ta zare hancinta daga katangar, ɓaraguzai suka zubo daga kan bamba. Akuyar ta tsere. Suka fita ƙofar gida, ta juya kan motar, ta sa lamba ɗaya, suka hau layin unguwa.

Injin ya fara ɗaga murya. Hannun Baba Jang ya tashi da kansa daga kan gwiwa, ya kama iska a gabansa, ya tsaya a nan.

"Me kake nema, angona?"

"Ba komai." Ya mayar da hannun, ya danne shi da ɗayan. "Ba kya jin tana kuka? Sa mata lamba biyu."

"Biyun wa? Taka ko tawa?"

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, har da tari, har sai da ya ɗaga tabarau ya share idon da likita ya ce kada ya taɓa.

"Taki," ya ce. "Sa taki."